Mai Ƙusa a Baki

Dogo mai ɗinkin kujeru yana da wata amsa da ya ajiye wa tsohon ubangidansa. Ya daɗe yana wasa ta kamar wuƙar mahauci, kullum sai ya ƙara mata kaifi. Matsalar guda ɗaya ce: har yanzu ba wanda ya yi masa tambayar.

A kamfanin kujerun mutumin ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Shi ne shugaban ɗakin ɗinki, mai babban teburin nan na kusa da taga, wanda in an kawo fata mai tsada ba mai sa mata almakashi sai shi. Abin da ya raba su kuwa soso ne. Mai Kamfani ya samo wani soso mai arha, irin wanda in ka ɗan kwana biyu kana zama a kai sai ka ji katako yana gaishe ka, ya ce a riƙa cusa wa kujerun mutane. Dogo ya ce hannunsa ba zai yi wannan aikin ba. Magana ta yi tsawo, murya ta hau murya, har Mai Kamfani ya nuna masa ƙofa a gaban ma'aikata ya ce, "Tafi! Kafin gari ya waye zan samu goma irinka."

Dogo ya tuɓe rigar aiki ya ninke ta, ya ɗauki hamarsa ya fita. Sai da ya kai bakin titi ya ji taku a bayansa. Auta ne, ƙanin matarsa, wanda shi ya kai shi kamfanin, shi ya koya masa riƙe almakashi. Ba wanda ya kori Auta. Ya dai ga yayansa ya fita, shi ma ya ninke tasa rigar.

Suka kama wani matsattsen shago tsakanin mai walda da mai gyaran firiji, suka kafa allo, suka fara da gyaran tsofaffin kujerun unguwa har Allah ya kawo masu son sababbi. Shekaru suka yi ta tafiya. Auta ya yi aure, ya tara iyali, furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma sunan bai sake shi ba. Dogo ma bai saki amsarsa ba.

"Zai zo," yakan ce wa matarsa yana wanke hannu. "Wallahi da ƙafarsa zai zo. In ya zo, kujerar nan mai gurguwar ƙafa zan ba shi, in bar shi zaune har in gama abin da nake yi. Sannan in dube shi sama da ƙasa in ce, Yallaɓai, ina goman?"

"Ko garin ne bai waye ba har yanzu," matar takan ƙarasa masa, ko ɗagowa ba ta yi. "Baban yara, da muna da aku a gidan nan da tuni ya haddace. Ci abincinka kada ya huce."

Aikin kujera na mutum biyu ne. Ɗaya ya ja yadi ya ɗame shi a kan soso, ɗaya ya kafa ƙusa a katako. Auta ke ja, Dogo ke kafawa. Dogo irin mutanen da ne, ba ya taɓa na'urar nan mai harba ƙusa, ya ce kayan malalata ce. Sai ya ɗebi ƙananan ƙusoshi daga gwangwani ya watsa a baki kamar gyaɗa, ya riƙa turo su ɗaya bayan ɗaya da harshe, ya kai hamarsa mai maganaɗisu leɓe ta ɗauko, tas, ta shige katako. Masu wucewa kan tsaya a ƙofa su sha kallo kyauta. Shi kuwa gogan yana sane da su, har wani karkata kai yake yi.

Daga nan dokar shagon ta samo asali. Tun suna kamfani wani ya taɓa ba shi dariya bakinsa cike, ya haɗiye ƙusa, aka kwantar da shi a asibiti ana jiran a ga ta inda za ta ɓullo. Da ya warke ya kafa doka: ba a yi wa mai ƙusa a baki magana. Ko gaisuwa ce, ko ciniki, ko saƙon gida, a jira ya tofar. Masu kawo aiki sun sani, maƙwabta sun sani. Auta kuwa, da yake shi ya yi jinyarsa ya ga yadda idonsa ya raina fata, ya riƙe dokar kamar farilla.

Wata safiya suna kan wata doguwar kujera ruwan toka, sai baƙar mota ta tsaya a ƙofar shago ta tare musu haske. Dogo ya gane ƙafar tun kafin mai ita ya gama fitowa. Mai Kamfani ne. Ya tsufa, wuyansa ya zube, har da sanda, amma takalmin yana nan yana sheƙi kamar da.

Wani daɗi ya rufe Dogo. Maza ya ɗebi ƙusoshi, fiye ma da yadda ya saba, ya cika baki taf. Ya nuna wa baƙon gurguwar kujera da kan hama. Komai yana tafiya yadda ya tsara shi tun shekarun baya.

Mai Kamfani ya zauna, kujera ta karkace, ya dafe bango. Ya ƙare wa shagon kallo, tarin soso a lungu, keken ɗinki, ƙwarangwal ɗin kujeru da aka jera har rufi. Sannan ya miƙa hannu ya shafa bayan wata kujera da aka gama. Ya daɗe yana shafawa, yana neman inda yadin ya tattare, bai samu ba.

"Na san dokarka, Dogo," ya ce. "Ba zan yi maka magana ba. Dama wurin Auta na zo."

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Auta yana durƙushe, hannu biyu a kan yadi, ba halin ya saki kujerar ta lalace. A haka ya saurara. Mai Kamfani ya ce ɗakin ɗinkinsa ya taɓarɓare, har wani otal ya dawo masa da kaya saboda duk sun tattare. Ya ce ya ga wasu kujeru a gidan wani abokinsa, ya shafa ya ji hannun gwani, ya tambaya aka ce daga wannan shagon suka fito.

"Ƙusa kowa yana kafawa, na'ura ma tana kafawa," ya ce. "Ja ne ba a samu. Ka zo ka riƙe mini ɗakin, Auta. Teburin taga yana nan, naka ne, da ma'aikata a ƙarƙashinka, da motar da za ta riƙa ɗauko ka. Ba sai ka amsa yanzu ba."

Teburin taga! Dogo ya kai hama leɓe, ƙusa ta ƙi fitowa. Amsar da ya yi shekaru yana wasawa tana nan a maƙogwaro, ƙusoshi sun tare mata hanya. Ko da ma ya tofar da su, wa ya tambaye shi?

"To, Yallaɓai, na ji, na kuma gode," in ji Auta, kansa a sunkuye. "Zan yi shawara."

Mai Kamfani ya dogara sanda ya miƙe. A bakin ƙofa ya ɗaga wa Dogo hannu, irin ɗagawar da ake yi wa maigadi in za a fita, ya shiga mota ya tafi.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Dogo bai ji haushin Mai Kamfani ba kamar yadda ya ji na Auta, wanda bai yi komai ba sai riƙe yadi. Kishi ne ya kama shi, tsagwaronsa, irin mai hana mutum jin ɗanɗanon abinci. Ba motar ce ta dame shi ba, ba ma'aikatan ba. Abin da ke cinsa shi ne an zo ɗin, da ƙafa kuwa kamar yadda ya sha faɗa, amma ba wurinsa aka zo ba.

Kafin azahar labari ya gama layin. Mai walda ya ɗage gilashin fuskarsa ya ƙwala kira, "Manaja! In ka hau kada ka manta da talakawanka!" Mai firiji ya ce shi ba ya neman komai, a ba shi wankin motar kawai. Auta ya yi murmushi yana sosa ƙeya. Dogo ya ga murmushin nan, ya ɗauke shi ya ajiye a ransa.

Idonsa kuma ya buɗe a kan abin da bai taɓa lura da shi ba. Duk mai zuwa karɓar kujera bayanta yake shafawa ya ce, "Kai, sumul!" Ba wanda ya taɓa kifa kujera don ya ga layin ƙusoshin Dogo, waɗanda ma ake rufewa da baƙin ƙyalle. Ashe duk tsawon rayuwarsa gwanintarsa a ƙarƙashin mazaunan mutane take, ta Auta ce a fili.

Washegari Auta ya makara, abin da ba halinsa ba ne. Da ya iso, rigarsa ta zuwa unguwa ce a jikinsa, an goge ta har kari ya fito. Dogo ya dube shi sau ɗaya ya gama hukunci. An je an durƙusa an karɓa ke nan, ko kwana biyu ba a iya jira ba.

Auta ya canza riga a bayan tarin soso, ya fito yana gyara murya. "Yaya, dama maganar jiya..."

Dogo ya miƙa hannu cikin gwangwani ya watsa ƙusoshi a baki.

Auta ya tsaya da sauran maganar a harshe. Ya haɗiye ta, ya durƙusa ya kama yadi.

Haka aka shiga yi. Duk lokacin da Auta ya ce "Yaya", hannun Dogo yana cikin gwangwani. In ba kujerar da za a kafa wa ƙusa, sai ya jawo wani guntun katako ya hau gyaran abin da bai lalace ba. Lokacin cin abinci ya ce yana da saƙo a kasuwa. Lokacin tashi ya riga kowa hawa babur. Harshensa ya yi ƙuraje saboda ƙarfe, ruwan zafi ma da ƙyar yake kurɓa, amma ya gwammace haka da ya tsaya ya ji yaron da ya raina yana ce masa, Yaya, sai haƙuri, na samu gaba. Auta kuma ya kasa karya dokar. Sau ɗaya ya biyo shi har wurin babur, Dogo ya tayar da injin ya murza har hayaƙi ya rufe maganar.

A gida ma ba a tsira ba. Matar ta ajiye masa kwanon abinci da ruwa ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Abin arziki ya samu ƙanina, kai kuma kana shigo mana kamar wanda aka yi wa rasuwa. Lafiya?"

"Me ya ce miki? Yaushe zai fara?"

"Na tambaye shi, ya ce ba wanda zai ji sai Yayansa ya fara ji daga bakinsa. Ka tambaye shi mana, ba tare kuke wuni ba?"

"Ni in tambaye shi? Yaron da na koya wa bambancin gaban yadi da bayansa?"

"Yaron da 'yarsa ta kusa gama sakandare? Baban yara, ka ji tsoron Allah. Kishi kake yi."

"Ni? Da Auta?"

"Kai, da Auta. Ga shi nan a goshinka ɓaro-ɓaro kamar allon shago. Ka dai sani, hassada ga mai rabo taki ce."

Dogo ya ture kwanon ya ce gishiri ya yi yawa. Ta ce gishirin jiya ne, bakin ne ya canza.

Wata rana Auta ya tafi kai wa wata mata kujerunta, Dogo ya ce bari ya nuna wa kansa cewa ja ba wani abu ba ne. Ya ɗora wata 'yar kujera a kan benci, ya ja da hagu, ya danne da gwiwa, ya kafa da dama. Ya yi gumi sharkaf. Da ya ja baya ya duba, bayan kujerar ya tattare kamar goshin tsoho, furannin yadin sun karkace gefe guda. Ya yi sauri ya farke kafin wani ya gani, ya cusa yadin a ƙarƙashin soso. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan kowa ya sani, kuma da mai hankali ne da abin ya sanyaya masa zuciya. Shi ƙara tunzura shi ya yi. Wato Mai Kamfani ya yi gaskiya ke nan. Auta zai tafi da hannun, ya bar shi da hama da bakin ƙusa.

A nan ne Shaiɗan ya samu wurin zama. Dogo ya gaya wa kansa cewa ba don kansa zai yi ba. Yaron ne bai isa ba, za a ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, a kunyata shi a koro shi. Gara a faɗa wa mutumin gaskiya tun wuri. Ya maimaita wannan har ya kusa yarda. Da safe ya ce wa Auta, ba tare da ya dube shi ba, zai je duba katako, ya hau babur ya nufi hanyar da ya rantse ba zai sake bi ba.

Maigadin kamfanin sabo ne, bai san shi ba. Ya tsare shi da tambaya, daga ina, wurin wa, an san da zuwanka? Dogo ya tsaya a rana kamar mai neman aiki, a ƙofar da a da ake buɗe masa tun daga nesa, har aka ce ya shiga.

Sai an ratsa ɗakin ɗinki ake isa ofis. Ƙamshin fata da gam ya buge shi tun daga ƙofa. Fuskokin duk baƙi ne, na'urori suna ta harbin ƙusa kamar ana yaƙi. Teburin taga yana nan ba kowa a kansa, hasken safiya ya kwanta a kai. Har 'yan tsagar da ya yi a gefen katakon da wuƙa, don awo, suna nan. Ya so ya taɓa, ya fasa.

Mutum ɗaya kawai ya sani a wurin, wani mai yankan soso, aminin Auta tun suna samari a kamfanin. A ofis ya same shi, yana nuna wa Mai Kamfani wani samfur. Suka gaisa. Mutumin ya ja gefe ya tsaya a bakin ƙofa da sosonsa a hannu, Mai Kamfani bai ce ya fita ba, Dogo kuma idonsa ya rufe.

"Yallaɓai," ya ce bayan gaisuwa, "na zo ne saboda zaman da muka yi, kada ka ce na sani na yi shiru. Yaron nan yana da hannu, ban hana ba. Amma shugabanci daban ne. Ba ya iya yi wa mutum tsawa, ma'aikata za su hau kansa. Awo ma sai na bi bayansa na duba. Fata kuwa, ya taɓa ɓata mini guda sukutum, ni na rufa masa asiri."

Ɓarnar fatar nan tun Auta bai fara aske gemu ba aka yi ta. Dogo ya san haka sarai, amma ya faɗe ta kamar jiya ta faru. Magana zarar bunu ce, ya ji ta tana fita, ya kuma san ba ta komawa.

Mai Kamfani ya saurare shi har ƙarshe yana juya kan sandarsa. Sannan ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Ikon Allah. Wato bai gaya maka ba?"

"Gaya mini me?"

"Washegarin ranar da na je shagonku ya zo nan da sassafe, cikin rigarsa mai kari. Nan ya tsaya, inda kake tsaye. Ya ce ya gode, amma ba zai iya ba. Na lallaɓa, na ƙara masa, na sake ƙarawa, ko gezau. Ka san abin da ya ce? Ya ce, 'Yallaɓai, mai ja ba ya sakin jiki sai ya yarda da mai kafawa. Hannuna da na Yaya ya saba. In na taho, wa zai ja masa?' Har ya ce duk abin da na shafa na yaba, kai ka koya masa." Ya girgiza kai. "Shi ya zo ya ɗaga ka, kai ka zo ka kayar da shi. Duniya ke nan."

Dogo ya ji ofishin ya yi masa kaɗan. Ya tuna rigar mai kari. Ya tuna "Yaya, dama maganar jiya", da hannunsa cikin gwangwani. Kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Abin takaicin kuma, ko a cikin kunyar sai da kishin ya ɗago kai. Auta ya riga shi cewa a'a. A wannan ofishin, a gaban wannan mutumin, ya faɗe ta da zuciya fara tas, ba tare da ya wasa ta ko dare ɗaya ba.

"To," in ji Mai Kamfani, ya jingina da kujerarsa. "Teburin dai yana nan, ka gan shi da idonka. Tunda kana ganin ka fi shi, zo ka hau. Soson ma mun canza tuntuni. Me ka ce?"

Ga tambayar nan, yau an yi masa ita. Ba ƙusa a bakinsa, ba abin da ya tare hanya. Ta gilashin ofis yana hango teburin da haskensa, kuma gaskiya ita ce yana so. Yana so ƙwarai. Sai yanzu ya gane cewa duk shekarun nan ba don ya ƙi yake jiran a zo ba, so yake a ce ana buƙatarsa. Amma abin da ake miƙo masa ragowar Auta ce, kuma in ya karɓa, wanda ya ƙi saboda shi zai bari a shago da yadi a hannu, ba mai kafa masa.

"A'a, Yallaɓai," ya ce. "Na gode. Ina da aiki."

"Shi ke nan?" Mai Kamfani ya ɗaga gira. "Ni da aka ce mini ka ajiye mini wata amsa ta musamman. Labarinta ya iso nan tun da daɗewa."

"Ta yi tsatsa, Yallaɓai."

Da ya juya zai fita, bakin ƙofa ba kowa. Soson samfur yana jingine da bango, mai shi ya tafi.

Dogo ya tuƙa babur a hankali, yana harhaɗa abin da zai faɗa. Bai saba da irin wannan maganar ba, ba ta da kaifi, ba ta da inda ake tsayawa a duba fuskar mutum. Ya yi ta juya ta a baki har ya shigo layinsu, bai samu ta zauna daidai ba.

Auta yana tsaye a tsakiyar shago, yana mayar da waya aljihu. Mai yankan soso ya riga Dogo isar da labari. Wata sabuwar kujera tana kan benci, an shimfiɗa mata soso, an yafa yadi, tana jiran hannu. Ya ɗago ya dubi Dogo. Idanunsa sun yi ja. Bai yi masa sannu da zuwa ba, abin da bai taɓa fasawa ba tun yana ɗan saurayi.

Dogo ya jingine babur ya shigo. Ya tsaya, hannayensa a sake, bakinsa wayam.

"Auta," ya ce. "Dama maganar nan..."

Auta ya miƙa hannu cikin gwangwani. Ya ɗebi ƙusoshi ya watsa a baki, abin da bai taɓa yi a gaban yayansa ba. Ya ɗauki hamar Dogo daga kan benci, ya juya ta a hannu, sannan ya nuna masa yadin da kanta.

Dogo ya buɗe baki ya rufe. Doka ce, kuma shi ya kafa ta.

Ya naɗe hannun riga ya durƙusa inda Auta ke durƙusawa. Simintin wurin ya yi santsi saboda gwiwar mutum ɗaya. Ya kama bakin yadi ya ja. Auta ya girgiza kai, ya taɓa wani wuri da yatsa. Dogo ya saki ya sake kamawa, ya ja har yadin ya fara cin fatar yatsunsa, bayansa ya amsa. Bai taɓa sanin haka abin yake da zafi ba.

Tas. Tas. Tas.

Ƙusoshin suna shiga katako a jere, kai da kai, ba wadda ta karkace. Dogo yana kallonsu daga ƙasa, kusa da fuskarsa, ya ga layin ya fi nasa miƙewa. Ashe wannan ma ya iya, bai taɓa nunawa ba ne kawai.

Mai walda ya leƙo da zolayarsa a baki, "Manaja, yau kuma..." Ya ga wanda ke tsaye da wanda ke durƙushe, ya ga fuskokinsu, ya sauke gilashinsa ya koma shagonsa.

Dogo ya ci gaba da ja, yana sauraron hamar, yana jiran bakin ya zama fanko ya samu ya faɗi tasa. Amma tun kafin ƙusoshin su ƙare, Auta ya sake miƙa hannu ya ƙara wasu. Gwangwanin kuwa cike yake har baki, don Dogo da kansa ya sayo sabon kwali ya juye a ciki farkon makon.